KUJERAR KANSILA DA AMANAR FILAYEN JAMA'A: KIRA GA MUTANEN MUSAWA



'Yan'uwa masu karatu, a wannan wata muna so mu taɓo wata kujera wadda jama'a suka raina, alhali kuwa a duk kujerun mulkin ƙasar nan babu wadda ta kai ta kusa da ƙofar gidan talaka, wato kujerar kansila. Za mu gina maganarmu a kan Ƙaramar Hukumar Musawa da ke shiyyar Funtuwa ta Jihar Katsina, amma abin da za mu faɗa ya shafi Matazu da Malumfashi da Kafur da Ƙanƙara da sauran ƙasar noma ta kudancin jihar. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, mutumin da ya fi cancanta da wannan kujera shi ne wanda aka riga aka jarraba shi a kan tsaron dukiyar jama'a, musamman filaye da itatuwa da wuraren da kowa yake da haƙƙi a cikinsu, aka kuma same shi bai ci amana ba. Irin waɗannan mutane suna nan a cikinmu. Lalle ne su fito takara, lalle ne kuma mu nemo su mu tsaya masu.

MENE NE AIKIN KANSILA?

In aka tambayi yawancin mutanenmu aikin kansila, amsar da za a ji ba ta wuce ya halarci biki da suna, ya biya wa wani kuɗin magani, ya yi belin wani daga hannun 'yan sanda, in an zo rabon taki ya sa sunayen mutanensa. Babu laifi a taimakon mabuƙaci, amma ko kusa wannan ba shi ne abin da doka ta ɗora masa ba.

Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar da cewa za a tafiyar da ƙananan hukumomi ta hannun majalisun da jama'a suka zaɓa. Jadawali na Huɗu na wannan kundi kuma ya jero ayyukansu ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai kafa maƙabartu da kula da su, da gidajen gajiyayyu. Akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da makewayin jama'a, tare da tsara yadda za a yi amfani da su. Akwai gina hanyoyi da magudanan ruwa da lambuna da wuraren shaƙatawa da buɗaɗɗun filaye, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Bugu da ƙari, ƙaramar hukuma tana da hannu tare da gwamnatin jiha a kan makarantun firamare da yaƙi da jahilci da kiwon lafiya da bunƙasa noma.

Duk wanda ya dubi wannan jeri da idon basira zai ga cewa kaso mai yawa a cikinsa magana ce ta ƙasa, wato wurin da ba na wani mutum ɗaya ba ne, na kowa da kowa ne. Daɗin daɗawa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashenta na 6, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a kan duk ƙasar da ba ta cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, har hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo, ba tare da jiran amincewar gwamna ba. Wannan iko ba ƙarami ba ne. Kansila kuwa shi ne idon mazaɓarsa a majalisar da take yin dokokin ƙaramar hukuma, take amincewa da kasafin kuɗi, take kuma da hurumin tambayar shugaba da ma'aikatansa inda kuɗi suka shiga.

Musawa tana da mazaɓu 11, daga cikin mazaɓu 361 da ke ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 170,000, kuma kowa ya san an ƙaru ƙwarai tun daga wancan lokaci, ƙasar kuwa ba ta ƙaru ko da taki ɗaya ba. Wato ke nan mutum 11 ne za su zauna su yi magana da yawun dubban manoma da makiyaya da 'yan kasuwa a kan ƙasar da kullum ƙara matsewa take yi. Ashe wannan kujera ce da za a miƙa wa wanda bai san iyakar ko da filin makarantar garinsu ba?

LAMBUN SHAƘATAWA A ƘASAR NOMA?

Wani zai ce, ai mu manoma ne, me ya haɗa mu da lambun shaƙatawa? Wannan ai sai Abuja da Kaduna, inda ma'aikata ke kai 'ya'yansu ranar hutu. To, 'yan'uwa, a nan ne ake yin kuskuren fahimta. Mu ma muna da namu wuraren, sunansu ne ya bambanta, amfaninsu kuma ya fi na birni nauyi.

Lambunmu shi ne tsamiyar bakin kasuwa wadda masu awo da masu tallar fura suke fakewa a ƙarƙashinta lokacin da ranar bazara ta take. Shi ne dandalin unguwa, da filin idi, da filin ƙwallon makarantar firamare, da hurumin maƙabarta wanda magabata suka bari domin waɗanda ba a haifa ba tukuna. Shi ne burtali, ko labi kamar yadda wasunmu ke cewa, wanda shanu ke bi su isa mashaya ba tare da sun taɓa dawar kowa ba. Shi ne makiyaya, da gandun daji, da kududdufin da yake haɗiye ruwan sama ya hana shi rushe gidajen ƙasa. Shi ne jerin bedi, wato darbejiya, da aka dasa a bakin hanya shekaru aru-aru, wanda har yau matafiyi ke shan inuwarsa bai san wanda ya yi masa ban-ruwa ba.

Mai kuɗi ba ya buƙatar waɗannan wurare. In zafi ya dame shi yana da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, in dabbobinsa sun ji yunwa ya sayi dusa da harawa, 'ya'yansa kuma suna da farfajiya a cikin gida. Talaka ne yake rayuwa a kansu. Matar da ke tsintar kaɗanya ta yi man kaɗe, da wadda ke daddawa da kalwar ɗorawa, da yaron da ke kiwon awaki biyar na mahaifiyarsa, da tsohon da ba shi da inda zai zauna sai gindin bishiya, su ne masu wannan dukiya. Ranar da aka yanka ta aka sayar, su aka yi wa fashi, ko da kuwa babu wanda ya riƙe makami.

ABIN DA RASA SU YA JAWO

Kowa a ƙasar nan ya ga yadda abin yake faruwa. Ba a rana ɗaya ake cinye burtali ba. Bana mai gonar gefe zai ƙara kunya biyu, baɗi ya ƙara uku, makwabcinsa ya gani ya ce ai ba shi kaɗai ya iya ba, kafin shekara goma hanyar da garke ke bi ta koma ta mai keke. A bakin gari kuma 'yan awon igiya ne za su shigo, a yanka filin da aka ware wa makaranta ko asibiti a mai da shi fegi-fegi, a cike kududdufi da shara a ɗora gini, sai damina ta zo ruwa ya nemi tsohuwar hanyarsa ya bi ta cikin ɗakunan mutane. A daji kuwa masu gawayi ne, ana sare ɗorawa da kaɗanya da marke waɗanda suka yi shekara hamsin suna girma, a loda buhuna a mota a kai birni.

Tun a 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo, saboda shugabannin wancan lokaci sun hango cewa in ba a ware wa dabba wurinta ba, to, manomi da makiyayi sai sun kama wuyan juna. Ba mu ce toshe burtali shi kaɗai ne ya haifar da bala'in 'yan bindiga da ya addabi jihar nan ba. Akwai satar shanu da aka yi sakaci da ita, akwai zalunci a wurin shari'a da tara, akwai shigowar makamai, akwai talauci da jahilci. Amma babu mai adalcin da zai musanta cewa rikicin gona da kiwo yana cikin ƙofofin da fitinar ta shigo ta cikinsu, kuma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dajin Rugu, wanda aka keɓe domin itatuwa da kiwo, ya zama maɓoyar ɓarayi bayan da kulawa ta janye daga gare shi, kuma mutanen Musawa da Matazu da Ƙanƙara ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ya biyo baya. Gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, amma bindiga ba ta shata iyakar gona, ba ta kuma buɗe mashaya. Wannan aikin zaman majalisa ne da bin kadi, kuma daga mazaɓa yake farawa.

Magabatanmu sun san da haka. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya rubuta wa Malam Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi, littafin nan Usulus Siyasa, kuma a cikin abubuwan da ya ɗora wa shugaba akwai raya ƙauyuka, da kula da kasuwanni da hanyoyi, da ƙarfafa manoma da masu sana'a. Tun kafin nan, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya keɓe hurumin kiwo a Rabaza, ya kuma umurci wanda ya ɗora a kansa da ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga, ya fifita su a kan garkunan attajirai. A zamanin En'e ma, kafin gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, dattawanmu suna iya tuna malamin daji da duba-gari. Suna da nasu laifin, domin wasunsu sun tsananta wa talakawa, amma a lokacin mutum ba ya ɗora gatari a kan ɗorawa sai ya waiwaya.

ME YA SA MUKA CE SU?

Waɗanda muke nufi su ne irin malamin dajin da ya yi ritaya, da malamin gona, da duba-gari, da hedimastan da ya kare filin makarantarsa har ya kewaye shi da itatuwa, da shugaban ƙungiyar aikin gayya da ya jagoranci katange maƙabarta da yashe magudanan ruwa, da matashin da ya yi shekaru yana renon dashe yana rabawa. Dalilanmu guda huɗu ne.

Na farko, sun san ƙasar da ƙafarsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya taka iyakar gandun daji, ya san inda tsohon labi ya bi tsakanin wannan ƙauye da wancan, ba za a kawo masa takarda a majalisa a ce wurin nan ai ba na kowa ba ne ya sa hannu. Mazaɓu irin su Jikamshi da Dangani da Tuge da Gingin da Kira kowace tana da nata filaye da nata tarihin iyakoki, kuma yawancin wannan sani yana cikin kawunan dattawa da tsofaffin ma'aikata, in sun tafi ya tafi da su.

Na biyu, aikinsu ya koya masu haƙuri. Wanda ya dasa bishiya ya san dasawa ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Sai an yi mata shinge saboda awaki, an yi mata ban-ruwa rani biyu ko uku, sannan a ce ta kama. Mun sha ganin bikin dashen itatuwa, a zo da manyan motoci da masu ɗaukar hoto, kafin kaka babu ko ɗaya da ya rayu. Haka rijiyar burtsatse take, haka ɗakin shan magani yake, haka ajin makaranta yake. Ciwon ƙananan hukumominmu shi ne a gina a watsar. Mutumin da ya saba da reno shi ne zai tashi a lokacin kasafin kuɗi ya tambaya, ina kuɗin gyara?

Na uku, an riga an gwada su da kalmar a'a. Duk wanda ya tsare fili ko daji, to, wata rana wani babba ya aiko masa da saƙo, ko wani dillali ya biyo shi gida da dare da abin goro. Jama'ar gari sun san wanda ya karɓa, sun san wanda ya mayar. Wannan jarrabawa ce da aka yi ta tun babu wanda ya san mutumin zai nemi ƙuri'a, don haka ta fi duk alkawarin da za a yi a kan dandamali gaskiya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na huɗu, sun san hanyar ofis. Sun san yadda ake rubuta takardar ƙorafi a bi ta har ta kai inda za ta, sun san bambancin kuɗin albashi da kuɗin ayyuka, sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya shafa, wanda Nijeriya ta kafa wa hukuma ta musamman a 2015. Irin waɗannan shirye-shirye suna isa ne ga garin da yake da wanda zai bi masa sawu, sauran kuwa sai dai su ji a rediyo.

Sai dai a kula, ba mu ce duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya cancanta ba. A cikin malaman daji akwai waɗanda su ne suka sayar da dajin. A cikin ma'aikatan filaye akwai waɗanda da alƙalaminsu aka yanka filin idi. Saboda haka kada takardar aiki ta ruɗe mu. A tambayi ɗan takara a gaban jama'a: wane wuri aka ba ka amana, kuma yaya ka bar shi? Ina itatuwan da ka dasa, mu je mu gani? Wane fili ka hana a sayar, su wane ne shaidu? Fegi nawa ka mallaka a lokacin da kake aiki, kuma da me ka saya? Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

DARASI DAGA MAKWABTA

Domin kada a ce muna maganar abin da ba zai yiwu ba, bari mu leƙa wurare biyu. Na farko yana nan arewa da mu, bayan Jibiya, wato ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda ruwan sama bai kai namu ba. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1980, manoman can suka fara barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski maimakon su sassabe shi. Abin da ya ƙarfafa su shi ne da suka sami tabbacin cewa itacen da mutum ya rena a gonarsa shi zai amfana da shi, ƙauyuka kuma suka kafa nasu ƙa'idoji da masu tsaro a kan sara. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar ta wannan hanya, gawo yana cikin waɗanda suka fi yawa. Ƙa'ida ce ta gari da mutanen da suka tsaya a kanta suka yi wannan aiki, kuma irin wannan ƙa'ida tana cikin abin da majalisar kansiloli ke da ikon kafawa.

Na biyu kuma misali ne na mai tsaron fili da ta nemi ƙuri'a. A ƙasar Kenya, Wangari Maathai ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977. A 1989 ta tsaya kai da fata a kan kada a gina wani dogon bene mai hawa 60 a lambun Uhuru da ke tsakiyar birnin Nairobi, aka zage ta, aka tsangwame ta, amma daga bisani aka fasa ginin. Ta nemi kujera a 1997 ba ta samu ba. A 2002 mutanen mazaɓar Tetu suka zaɓe ta zuwa majalisar ƙasa da gagarumin rinjaye, a 2004 kuma aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya. Abin lura a nan shi ne, aikinta ya riga takararta da shekara ashirin, kuma faɗuwar farko ba ta mayar da ita gida ba.

TARNAƘIN DA KE GABA

Mun san abin da ke hana mutanen kirki fitowa. Na ɗaya shi ne kunya da tsoron Allah, domin an tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a roƙon shugabanci. Wannan gaskiya ne ga mai kwaɗayin girma da dukiya. Amma malamai sun yi bayani cewa wanda ya san yana da sani da amana, ya kuma ga in ya noƙe abin zai faɗa hannun wanda zai ɓata, to, babu aibi a kansa in ya gabatar da kansa, kamar yadda Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar a gabanin shekarun fari. Hanya mafi tsabta ma ita ce jama'a su je su same shi a gida su ce mun ga ka dace, sai nauyin neman ya sauka daga kansa ya koma kansu.

Na biyu shi ne kuɗi. Ɗan fansho ba shi da abin sayen fom da buga fasta da ciyar da 'yan rakiya. In wani mai kuɗi ya saya masa, to, ya saye shi ke nan, ranar da aka zo yanka fili kuma ba shi da bakin magana. Maganin wannan shi ne karo-karo. Mazaɓar da take iya haɗa kuɗin katange maƙabarta ko gyaran rijiyar burtsatse tana iya haɗa kuɗin fom ɗin mutum ɗaya, da kwanon masara da na waken suya in babu tsabar kuɗi, a rubuta abin da kowa ya bayar a karanta a bainar jama'a.

Na uku, kuma mafi girma, shi ne yanke ƙauna. Mutane suna cewa ai zaɓen ƙaramar hukuma suna ne kawai. Suna da hujja. An rushe zaɓaɓɓun majalisun jihar nan a 2015, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Mayu na 2021 cewa rushewar ta saɓa wa doka, ba a kuma sake zaɓe ba sai a watan Afrilu na 2022. A zaɓen 15 ga Fabrairu, 2025, jam'iyyar APC mai mulki ce aka bayyana ta lashe dukkan kujerun shugabanni 34 da na kansiloli 361, kamar yadda aka saba gani a yawancin jihohin ƙasar nan, kowace jam'iyya ce ke mulkinsu. To, amma me wannan yake koya mana? Yana koya mana cewa ainihin zaɓen ana yin sa ne tun a wurin tsayar da ɗan takara, a matakin mazaɓa, a lokacin da yawancinmu muke gona ko kasuwa muna cewa ba ruwanmu. Tsarin da ake bi bai ba ɗan takara mai zaman kansa dama ba, dole sai ta cikin jam'iyya. Saboda haka wanda yake son gyara sai ya yanki kati, ya halarci taron mazaɓa, ya shiga cikin masu ruwa da tsaki tun kafin a rubuta suna. Ko mai naɗi daga sama yana jin nauyin ƙetare mutumin da limamai da dattawa da manoma da Fulani da matasa da mata suka haɗu a kansa da murya ɗaya.

Kuma akwai abin da ya ƙara wa kujerar nauyi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta tafiyar da su ta hannun kantomomi da kwamitocin riƙo. Duk ranar da kuɗi suka sauka kai tsaye a hannun shugaban ƙaramar hukuma, wa zai tambaye shi? Kansila ne. In kansilan ɗan amshin shata ne, to, an dai sauya wa ɓarna mazauni ne kawai, daga babban birnin jiha zuwa sakatariya.

IN ALLAH YA BA SHI

Ga wanda ya fito ya kuma samu, muna ba shi shawarar kada ya cika baki da alkawarin kwalta da wutar lantarki, abin da ba ya hannunsa. Ya fara da abin da yake iyawa. Ya zauna da hakimi da dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo a rubuta dukkan filayen jama'a na mazaɓarsa a littafi ɗaya, da faɗinsu da tsawonsu da makwabtansu, a ajiye kwafi a sakatariya da fadar hakimi da makaranta, a kafa duwatsun iyaka ko a dasa itatuwa a kan iyakar. Ya kai ƙudurin doka majalisa cewa ba za a sauya wa filin jama'a aiki ba sai an yi shela an saurari mutanen wurin. Ya nemi a buɗe wurin renon dashe ko da ƙarami ne kusa da rijiya, a ba kowace makaranta da kasuwa da maƙabarta nata, tare da sunan wanda zai yi ban-ruwa. Ya sa a zauna tsakanin manoma da makiyaya sau biyu a shekara, kafin shuka da kafin girbi, a bi burtali da ƙafa a ga inda aka ci. Sannan duk wata uku ya tara mutanen mazaɓarsa ya gaya masu abin da ya shigo da abin da aka kashe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar miliyoyi, amma kowanne zai jawo masa maƙiya, don haka ya shirya, mu ma mu shirya tsaya masa.

Daga ƙarshe, muna kira ga tsofaffin ma'aikata da shugabannin ƙungiyoyin ci-gaban gari na ƙasar Musawa da kada su ce sun gaji, domin sanin da ke kansu haƙƙin jama'a ne. Muna kira ga iyayenmu sarakuna da su riƙe littafin filaye da hannu biyu, su kuma ja kunnen duk wani mai unguwa da ke sa hannu a cinikin abin da ba nasa ba. Muna kira ga malamai da su bayyana wa mutane hukuncin cin iyakar gona da ta hanya. Muna kira ga shugabannin jam'iyyu da su bar mazaɓu su fitar da wanda suka sani. Muna kuma kira ga matasa da iyaye mata, waɗanda su ne mafi yawa a layin zaɓe, da su tuna cewa sabulu da taliyar da ake rabawa ba sa kai mako guda, filin da aka sayar kuwa ba ya dawowa har abada.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya shugabantar mana da masu jin tsoronSa da tausayin talakawa. Allah Ya sa mu dace, amin.